Ranar haihuwar Sarkin Maroko: akushin kuskus ɗin da ya tayar da muhawara a zaure

Ɗalibi a Fas:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau Alhamis 21 ga Agusta 2025, hutu ake yi a duk faɗin Maroko, Sarki Muhammad na Shida ya cika shekara 62. A nan Idush Shabab suke ce wa ranar, wato bikin matasa. Jiya ma hutu ne, na tunawa da 20 ga Agusta 1953, ranar da Faransawa suka tuɓe kakansa Muhammad na Biyar suka kai shi Kosika, daga can suka wuce da shi Madagaska. Kwana biyun a jere suke zuwa. Jajayen tutoci masu koren tauraro sun cika tituna, bankuna da ofisoshi duk a rufe.

Amma ba tuta ce ta sa ni rubutu ba. Dattijuwar da muke haya a gidanta a cikin tsohon birni, wadda muke kira Khalti, wato inna, ta tashi tun asuba ta dafa kuskus. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san kuskus abincin Juma'a ne, ba a saba ganin sa ran Alhamis ba. Ta cika ƙaton akushi na yumɓu, da kabewa da karas da kabeji da nama a tsakiya, ta aika ƙofar masallaci, ta kuma aiko mana namu mu ɗalibai uku. Na tambaye ta ko suna aka yi. Ta ce a'a, sadaka ce, Allah ya ƙara wa Sidna, wato sarki, lafiya da nisan kwana.

Sai ta zauna ta ba ni labari. Ƙanenta manomi ne a wani ƙauye cikin tsaunukan Taunat. Ƙasarsu duwatsu ce, alkama ba ta yi sosai, tun kakanni tabar wiwi ake nomawa a sayar wa dillalai. Shekara da shekaru sunansa na cikin waɗanda hukuma ke nema. Katinsa na ɗan ƙasa ya ƙare, bai isa ya je sabuntawa ba. Ba ya cin kasuwar gari, ba ya hawa motar da za ta bi ta shingen jandarma. Mahaifiyarsu ta yi jinya a nan Fas har ta rasu, bai zo ba. Bara war haka, a daren 19 ga Agusta 2024, sarki ya yi afuwa ga mutum 4,831 masu laifin noman wiwi, da waɗanda aka ɗaure, da waɗanda ake shari'a da su, da waɗanda ake nema. Sunansa na ciki. Bayan mako biyu ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ce ta yi wa Allah alkawari, muddin tana da rai, duk ranar haihuwar sarki sai ta ciyar.

Tana faɗa tana share hawaye da gefen mayafi. Ni dai jikina ya yi sanyi. Shi ne na ce bari in kawo zaure: irin wannan godiya ga mai mulki, yaya kuke ganin ta?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi sadakarta, ciyarwa alheri ce. Amma ɗaure ta da ranar haihuwar wani mutum, ko da sarki ne, shi ne abin da ban natsu da shi ba. Idi biyu muka sani. Ƙasar da ke kiran sarkinta Amirul Muminina bai dace a ce an tsayar da aiki don ranar da aka haife shi ba.

Ɗalibi a Fas:
Malam, akwai abin da ya kamata in ƙara don adalci. Tun 2019 fada ta fitar da sanarwa cewa sarki ya dakatar da bikin da ake yi masa a fada a wannan rana. Hutun ne ya rage, sai afuwar da akan yi wa fursunoni, sai saƙonnin taya murna daga shugabannin ƙasashe. A zamanin mahaifinsa Hasan na Biyu ranar 9 ga Yuli ake yin bikin matasan, don ita ce tasa ranar haihuwar. Ban ga wanda ya ɗauke ta ibada ba, ba a yin wata salla ta musamman. Babbar ranar sarauta a nan ita ce 30 ga Yuli, ranar hawa gadon mulki.

Hajiya Mai Ziyara:
Ɗana, ka gaishe min da wannan baiwar Allah. Ta yi abin da 'ya'yan halak ke yi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Sau uku ina zuwa Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, kuma duk zuwan da na yi sai na yi wa gidan sarautar nan addu'a. Lokacin da Shehu ya baro ƙasar Aljeriya ya zo Fas, Sarki Maulaya Sulaimanu ne ya karɓe shi, ya ba shi gida, ya zauna cikin mutunci har ya koma ga Allah a 1815. Gidan wannan sarkin ne ke mulki har yau, kuma sharifai ne. Duk azumi ana gayyatar malamai daga ƙasashe su yi karatu a gaban sarki, yana zaune a ƙasa yana saurare, malamanmu irin su Shehu Sharif Ibrahim Saleh na Maiduguri suna halarta. Makarantar horar da limamai da ya buɗe a Rabat a 2015, yaranmu nawa suka je suka yi karatu suka dawo? Yaba kyauta tukuici. Ni ban ga laifin mai godiya ba.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, a yi min haƙuri zan saɓa. Labarin ya taɓa ni, amma mu tambayi kanmu: wa ya jefa ƙanen matar nan cikin wannan hali tun farko? Yankin Rif, tsaunukan arewacin Maroko inda Taunat take, an bar shi a baya shekaru masu yawa, ba masana'anta, ba hanyoyi na kirki. Talaka ya noma abin da zai ci da shi, manyan dillalai suka yi kuɗi, shi kuma ya zama abin farauta. A 2021 hukuma da kanta ta halatta noman wiwi don magani da masana'antu a lardunan Husaima da Shafshawan da Taunat. Ka ga ashe abin da aka hana mutum ganin gawar mahaifiyarsa a kansa, yau lasisi ake bayarwa a yi shi. Wannan afuwa gyaran kuskure ce. Wanda ya taka ka ya ɗaga ƙafarsa, za ka ji sauƙi, amma ba kyauta ya ba ka ba.

Na biyu, yaya za a auna godiya a ƙasar da dokarta ta ce ba a taɓa alfarmar sarki, kuma ana ɗaure mutum a kan rubutun Facebook in aka ce ya ci zarafin sarauta? In ba ka da ikon cewa "ban gode ba", to "na gode" ɗinka ba ta da nauyi a ma'auni. Nasir Zafzafi, wanda ya jagoranci zanga-zangar Husaima bayan motar shara ta niƙe wani mai sayar da kifi a Oktoban 2016, shekara 20 aka yanke masa a 2018. Abin da suka nema asibiti ne da jami'a da aikin yi. An yi afuwa sau nawa tun daga lokacin, har yau yana ciki.

Hajiya Mai Ziyara:
Yaro, ba wanda ya sa wa matar nan bindiga ya ce ta dafa kuskus.

Ɗan Tudun Wada:
Gaskiya ne Hajiya, ita kam da zuciya ɗaya ta yi. Tsarin nake magana a kai, ba ita ba.

Manomi daga Funtuwa:
Ni ban san siyasar Maroko ba, taki na sani. Sarkin nan ya zo Abuja a Disambar 2016, aka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Buhari, suna kawo sinadarin fosfat ana haɗa NPK a nan gida. Daminar 2017 na sayi buhu a kan naira 5,500, bayan a shekarar da ta gabata har kusan 9,000 sai da na saya. Masana'antun haɗa taki da suka mutu suka tashi. Masarata ta wannan shekarar ba zan manta da ita ba. Yau kuɗin buhu ya ninka sau da yawa, amma wannan matsalarmu ce ta gida. Allah ya saka masa.

Ɗan Tudun Wada:
Alhaji, ciniki ne fa. Kusan kashi 70 cikin 100 na fosfat ɗin duniya a ƙasarsu yake, kasuwa suke nema, kuma a watan Janairun 2017 suka koma Tarayyar Afirka bayan sun fice tun 1984 a kan rikicin Yammacin Sahara. Suna buƙatar abokai.

Manomi daga Funtuwa:
To ai ko a kasuwar Funtuwa, wanda ya yi maka sauƙi kana ce masa na gode, alhali ka san bai faɗi ba. Cin ribarsa bai hana ni cin tawa ba.

Ɗan Yamai:
Ina bayan Alhaji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa mana takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, kuma mafi yawan wutarmu daga can take zuwa. Mun sha duhu da zafi, masu sayar da ƙanƙara da masu walda suka zauna. A Disambar 2024 aka buɗe tashar lantarki a nan Yamai, kyautar Sarkin Maroko, sunansa ma aka sa mata. Ba ta ishe mu ba, har yanzu ana ɗauke wuta, amma wanda ya tuna da kai ranar da maƙwabta suka rufe ƙofa ba ka mantawa da shi.

Ɗan Mai Wurno:
'Yan uwa, ina karantawa tun ɗazu, na rasa ta inda zan shiga. Ni daga Sudan nake rubutu. Ranar 24 ga Yuni 2022, a shingen da ya raba Nador da Malila, garin da ke hannun Sifen, samari wajen dubu biyu suka yi yunƙurin tsallakawa. Hukuma ta ce 23 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce sun fi haka, wasu kuma har yau ba a san inda suke ba. Mafi yawansu 'yan Sudan ne, da 'yan Chadi. Duk wanda ya ga bidiyon nan na samari kwance a ƙasa cikin rana, wasu a kan wasu, ba ya mantawa. Yaƙi da yunwa suka kore su daga gida. Ba na hana kowa godiya. Roƙona kawai, in ana lissafin alherin da ƙasar ta yi wa baƙar fata, a sa waɗannan a cikin lissafi.

Ɗalibi a Fas:
Allah ya jiƙansu. Ba ni da abin cewa a kan wannan sai addu'a. Akwai 'yan Maroko da kansu, 'yan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam reshen Nador, da suka tsaya tsayin daka suna neman a faɗi gaskiyar abin da ya faru.

Maman Biyu, Kasabalanka:
Salamu alaikum. Ni 'yar Damagaram ce, shekarata 14 a ƙasar nan. Yayana na Mai Wurno, maganarka gaskiya ce, na yi kuka ranar. Amma bari in faɗi nawa ɓangaren.

Na zo da mijina, kwanakin da aka ba mu suka ƙare, muka zauna ba takarda. Allah ya yi masa rasuwa ya bar ni da tagwaye. Ina kitso a ɗaki a ɓoye, in na ji an buga ƙofa gabana ya faɗi. In yaro ya yi zazzaɓi sai in saya masa magani a kanti, tsoron zuwa likita nake. A 2013 sarki ya ba da umarni a sake tsarin baƙi, aka ce 'ya'yanmu su shiga lakwal ta gwamnati, a 2014 aka buɗe ofisoshin ba da katin zama. Mutane suka ce tarko ne, za a tattara mu a kai iyaka. Na yi istihara na je. Daga baya aka ce duk mace da yaro da suka nema a ba su. Ranar da na riƙe katin nan a hannuna, a bakin titi na zauna na yi ta kuka. Dubban mutane suka samu, aka sake buɗe zagaye na biyu a ƙarshen 2016.

Yau ina da shagon kitso da lalle da sunana. Yarana suna jin Larabci da Faransanci, Hausa ce ma nake fama da su a kanta. Ba aljanna ba ce. An sha kiran mu "azzi" a titi, kalmar raini ce ga baƙar fata. Akwai mai gidan da ya ce ba ya ba irinmu haya. Sabunta katin ma wahala ce, takardu kan takardu, wasu da muka samu tare sun rasa nasu sun koma ɓuya. Duk da haka, yau da safe na ce wa yaran su yi wa sarki addu'a, kuma ba don tsoro ba, ba mai jin mu a ɗaki. Ɗan uwa na Tudun Wada, ka ce godiyar da ba a da ikon ƙin yin ta ba ta da nauyi. Tawa a cikin ɗaki nake yin ta, inda nake da ikon yin shiru.

Ɗan Tudun Wada:
Yaya, na ji, kuma na karɓa. Allah ya raya miki su. Ban da amsa ga wannan.

Abu Sumayya:
Tunda ana lissafi, a faɗa min hukuncin hana layya da aka yi bana. Ta yaya sarki zai ce wa al'umma guda kada ta yi yanka?

Ɗalibi a Fas:
Malam, wannan a gabana aka yi. A ƙarshen Fabrairu ministan harkokin addini Ahmad Taufiƙ ya karanta saƙon sarki a talabijin. Kira ne ga jama'a su haƙura da yanka bana, saboda fari na shekaru a jere ya rage dabbobin ƙasar da kashi 38 cikin 100 in aka kwatanta da 2016. Bara kuɗin rago mai kyau ya wuce albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Kuma a nan layya ta zama abin kunya ga wanda bai yi ba, mutane na sayar da kayan ɗaki, wasu na cin bashin banki da ruwa don kada yaransu su ga ragon maƙwabta. Mahaifinsa ma ya yi irin wannan kira sau uku, a 1963 da 1981 da 1996. Ranar Salla, 7 ga Yuni, ya yanka raguna biyu, ɗaya nasa ɗaya a madadin jama'a, yana koyi da abin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa waɗanda ba su samu yi ba a cikin al'ummarsa. A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi ga mai hali. Abin da na gani da idona shi ne magidanta da suka yi ajiyar zuciya. Wani mai gyaran takalmi a unguwarmu ya ce min shekara goma rabon da ya yi Babbar Salla ba bashi a wuyansa. Makiyaya kuwa da suka yi kiwo don kasuwar Salla sun yi asara, su ba su ji daɗi ba.

Abu Sumayya:
In kira ne ba tilas ba, kuma don ɗauke wa talaka ƙunci, to akwai fuska. Maganata ta ranar haihuwa dai tana nan.

Jikan Dogari:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Na haura saba'in, a ƙofar fada na tashi, kakana da mahaifina duk sun sa jan rawani a ɗaya daga masarautunmu na Arewa. Na ga a talabijin yadda ake yi wa Sarkin Maroko mubaya'a washegarin ranar hawa mulki: ya fito bisa doki, an riƙa masa laima, manyan ƙasa cikin fararen kaya sahu-sahu suna rusunawa. Na ce ikon Allah, kamar hawan Salla.

Abin da na koya a ƙofar fada shi ne, mutum uku ne ke buɗe baki a gaban sarki, kuma wanda bai saba ba sai ya ɗauka abu ɗaya suke yi. Akwai maroƙi. Shi sana'arsa ce, yau ya kira wannan giwa, gobe in an naɗa wani ya kira shi giwa, ba a jin haushinsa, ba a kuma kafa hujja da maganarsa. Akwai mai addu'a. In talaka ya ce Allah ya ja zamanin sarki, ba cewa ya yi sarki bai taɓa kuskure ba. Zaman lafiyar kansa yake roƙo, don ya san in gari ya rikice shi ne zai fara kwana a daji. Sannan akwai mai godiya, shi kuwa alamarsa ɗaya ce: yana iya faɗa maka abin da aka yi masa, da ranar, da wurin. Ku duba maganar 'yata ta Kasabalanka. Ta faɗi shekara, ta faɗi kati, ta faɗi inda ta zauna ta yi kuka. Ku duba mai kuskus. Ba ta ce sarki ya fi kowa ba, cewa ta yi ƙanena ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Maroƙi ba ya iya wannan, nasa yabon riga ce da za ta shiga kowane sarki.

Kuma na ga abin da ku yaran yanzu ba ku gani ba. Na ga tsohuwa ta zo fada, ta faɗi ta yi gaisuwa, ta gode wa sarki a kan rijiyar da aka haƙa musu, dogarai suka amsa mata, sannan ba ta tashi ba, ta ce saura kuka, dagacinmu ya ƙwace gonar marayu. A zama ɗaya. Ba wanda ya ce ta yi butulci, ba kuma wanda ya ce godiyarta ta farko ƙarya ce. Godiyar ce ma ta buɗe mata ƙofar kukan. Inda abu ke lalacewa shi ne in fadawa suka ce an karɓi godiya, kuka kuma a bar shi a waje. Ɗana na Tudun Wada, in wannan kake tsoro, ina tare da kai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma kada ka ce wa wanda aka share wa hawaye ya jira sai an share na kowa kafin ya ce madalla. Ba a taɓa share na kowa ba a zamanin kowane sarki.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara nisan kwana. Abin da nake tsoro ke nan. Tambayata ita ce ko a Maroko ana barin kukan ya shiga.

Ɗalibi a Fas:
Wani lokaci yana shiga, wani lokaci mai kukan ne ke shiga kurkuku, duka biyun na faruwa. A 2013 afuwar ranar hawa mulki ta haɗa da wani Basifaniye da aka yanke wa shekara 30 saboda lalata yara 11 a Kenitra. Jama'a suka fito titi a fusace, 'yan sanda suka doke su a Rabat, amma cikin 'yan kwanaki fada ta ce ba a sanar da sarki girman laifin ba, ya janye afuwar, ya gana da iyayen yaran, aka sauke shugaban gidajen yari. A 2011 da matasa suka fito ranar 20 ga Fabrairu, an sake tsarin mulki, aka cire kalmar da ke cewa sarki mai tsarki ne, aka mai da Tamazight, harshen Barbar na ƙasar, ɗaya daga harsunan hukuma. A Yulin bara an saki 'yan jarida uku da aka daɗe ana kuka a kansu, Umar Radi da Sulaiman Raisuni da Taufiƙ Bu'ashrin. Zafzafi kuwa, kamar yadda ka ce, shiru.

A watan jiya mutanen kwarin Ait Bugmaz a tsaunukan Atlas suka yi tattaki a ƙafa zuwa Azilal, suna neman hanya da likita da sabis ɗin waya. Bayan 'yan makonni, a jawabin 29 ga Yuli, sarki da bakinsa ya ce ba wuri ga Maroko mai tafiya da gudu biyu. Ya san da maganar ke nan. Ƙasar da ke da jirgin ƙasa mai gudun kilomita 320 a awa tsakanin Tanja da Kenitra, da tashar jiragen ruwa ta Tanja Med, tana shirin karɓar gasar cin kofin duniya ta 2030, ita ce kuma wasu da girgizar ƙasar Satumbar 2023 ta rushe wa gidaje a Al Hauz suka yi damina da hunturu a tanti. Ranar yau ana ce mata bikin matasa, alhali rashin aikin yi tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 ya haura kashi 35 cikin 100.

Hajiya Mai Ziyara:
Allah ya kyauta. Shi ya sa ake yi wa shugaba addu'a, nauyin ba ƙarami ba ne.

Ɗan Mai Wurno:
Baba Jikan Dogari, maganarka ta sanyaya min rai. Ni kukan na kawo, wasu suka kawo godiyar, zama ɗaya ne.

Ɗalibi a Fas:
Jama'a, na dawo. Bayan la'asar ƙanen Khalti ya iso daga Taunat, da galan ɗin man zaitun da ɓaure a kwando. Siririn mutum ne, furfura ta cika masa gemu, hannunsa kamar itace. Muka zauna a tsakar gida ana zuba shayi da na'ana'a. Na ba su labarin zauren nan da ɗan Larabcin da nake da shi, na faɗa musu abin da Hajiya ta ce, da abin da ɗan uwa na Tudun Wada ya ce, ban rage ba.

Ya saurara har na gama. Sai ya zaro sabon katinsa na ɗan ƙasa daga aljihun jallabiya, a naɗe cikin leda, ya miƙo min in gani. Ya ce wurin da ya fara zuwa da shi maƙabarta ce, Khalti ta nuna masa kabarin mahaifiyarsu. Na biyu, ya kai matarsa asibiti a duba mata ido. Yanzu ya shiga ƙungiyar manoma masu lasisi, sai dai kamfanin da ya karɓi amfanin gonarsu na bara bai gama biyan su ba. Ya ce mutumin ƙasarku da ya ce an taka mu ne aka ɗaga ƙafa, bai yi ƙarya ba, ka gaishe shi. Amma shekarun nan duka gwamnatoci nawa aka yi, 'yan majalisa nawa suka zo ƙauyenmu neman ƙuri'a suka yi alkawari, ba wanda ya ɗaga ƙafar sai Sidna.

Na tambayi Khalti, da za a kai ta gaban sarki yau, me za ta ce masa. Ta ce za ta ce Allah ibarik fi amar Sidi, wato Allah ya yi wa rayuwar ubangijina albarka, kusan dai ranka ya daɗe ɗinmu. Na ce daga nan fa? Ta dubi ƙofar ɗakin autanta. Ya gama jami'a shekara huɗu ke nan, yana kwana yana tashi da maganar jirgin roba zuwa Sifen, ta ɓoye fasfo ɗinsa a cikin buhun gari duk da ta san masu bin teku ba sa buƙatar fasfo. Ta ce za ta ce masa: ka dawo min da ƙanena, na gode, to ga ɗana nan, ka riƙe min shi kada teku ta cinye shi.

Yaron yana ciki yana jin mu, bai fito ba. Ta zuba masa nasa kuskus ɗin ta rufe, ta ajiye a bakin ƙofa.